Tsallakewar ƙwayoyin cuta daga hanji

Tsallakewar ƙwayoyin cuta daga hanji ita ce ficewar bakteriya masu rai ta bangon hanji, ba tare da ya huje ba, su isa kaluluwar da ke jikin tantanin da ke riƙe da hanjin, wani lokaci har hanta, saifa da jini. Abin da ya raba dattin ciki da jinin mutum shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, sai yauƙin da ya lulluɓe ta da sojojin garkuwar jiki a bayanta.

Tarihi

Ana jin tun wajajen ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai suka fara zargin haka. A 1979 Rodney Berg da Garlington suka fayyace lamarin a Amurka, bayan gwaji a kan ɓeraye. Daga aikin Berg aka tsayar da dalilai uku: ƙwayoyin su yi yawa a hanji, garkuwar jiki ta raunana, ko bangon ya ji rauni.

Tabbatar da shi a jikin ɗan Adam ya fi wuya, domin sai an buɗe ciki ake iya ciro kaluluwar. A 1989 Edwin Deitch ya samu bakteriya a kaluluwar kashi 59 cikin ɗari na masu toshewar hanji, alhali sauran masu tiyata kashi 4 ne kacal. A 1998 John MacFie da abokan aikinsa a Scarborough ta Ingila suka duba mutum 448 da aka yi wa tiyatar ciki. Kusan kashi 15 ne ƙwayoyin suka tsallake musu, akasari wata bakteriyar hanji mai suna E. coli. Cikin waɗannan, kashi 45 sun kamu da cuta bayan aiki, sauran kuwa kashi 19.

Saɓani

Wani bincike na 1991 a Denver ta Amurka bai samu ƙwayoyi sosai ba a jinin da ke zuwa hanta daga hanjin masu munanan raunuka. Ko tsallakewar ce ke jawo lalacewar gaɓoɓi, ko alama ce kawai ta tsananin ciwo, har yau ba a daidaita ba.

A yankinmu

Toshewar hanji, wadda ta fi ba ƙwayoyin hanya, ba baƙuwa ba ce a asibitocin Garwa da Marwa na Kamaru, da Njamena ta Chadi. Ƙaba ta maƙale wa manomi, ciki ya kumbura ya ɗaure kamar ganga, ba bayan gida ba iska, ga amai kore, ana ta ba shi jiƙo har kwana uku kafin a ɗora shi a babur. Abin takaici, a kwanakin nan bangon hanjin ke rasa jini yana sakin abin da ya tsare. Hujewar hanji ta zazzaɓin taifot daban ce. Can rami ne sosai.

Rigakafi

Gaggauta aiki, ƙarin ruwa, da maganin kashe ƙwayoyi kafin a yanka. Bayan tiyata likitoci yanzu sun fi son a fara ci da wuri, ko da kunu ne mai ruwa-ruwa idan sun ba da izini, domin hanjin da aka bari da yunwa bangonsa sirancewa yake yi.