Koyar da kimiyyar bayanai a ƙananan makarantun sakandare na Zariya

Kimiyyar bayanai fanni ne na tattara alƙaluma da tsara su da tace su domin amsa wata tambaya. A ƙananan makarantun sakandare na Zariya, wato aji ɗaya zuwa uku, ɗalibai sukan haɗu da ita ta ƙofa biyu: sashen ƙididdigar yau da kullum na darasin lissafi, da kuma darasin kwamfuta.

Tarihi

Ana yawan danganta tushen fannin da masanin ƙididdiga na Amurka John Tukey, wanda a 1962 ya yi kira da a ɗauki nazarin bayanai a matsayin ilimi mai zaman kansa. Sunan kimiyyar bayanai kuwa bai bazu ba sai bayan 2001. A shekarar 1962 ɗin nan kuwa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da babbar kwalejin horar da malamai ta Zariya, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Malaman lissafi da dama na Arewa daga waɗannan wurare biyu suka fito.

Garin ya saba da adana alƙaluma tun kafin haka. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru wajen 1922, ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar, kuma ta shafe shekaru masu yawa tana rubuta yawan ruwan sama da amfanin gona. A cikin birni, malaman zaure sun daɗe suna koyar da hisabi da rabon gado, inda almajiri ke sarrafa rabi da rubu'i da sumuni da sudusi tun bai taɓa ganin allon boko ba. Wannan gado bai samu gurbin da ya cancanta a littattafan lissafi ba.

Ƙaramar sakandare ta samo asali ne daga tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada, aka fara aiwatar da shi wajen 1982. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe ta da firamare cikin shekara tara na karatun dole, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, kuma ke tsara manhajar.

A cikin aji

Manhajar ta ƙunshi tattara bayanai, jadawalin maimaituwa, zanen sanduna da na da'ira, sai matsakaici da adadin tsakiya da adadin da ya fi maimaituwa. Abin da aka fi gani shi ne malami ya rubuta lambobi goma a allo, yara su tara su raba, a wuce. Amsa takan fito daidai, sai dai yaron bai san tambayar da lambobin ke amsawa ba.

Malaman da suka fi cin nasara sukan fara da abin da ke hannunsu. Rajistar aji, wadda ake kira kullum da safe, taska ce: daga cikinta yara za su iya gano ranar da aka fi fashin makaranta, su gwada damina da rani, su yi gardama kan dalili. Wasu kan tura ɗalibai su rubuto farashin tiyar masara a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada na tsawon makonni. Nan matsala ta gaskiya ke bayyana, domin tiyar wannan mai awo ba ɗaya take da ta wancan ba, wani yaro kuma ya tambayo farashin sari, wani na sayen ɗai-ɗai. Warware wannan ruɗani kafin a zana komai shi ne babban ɓangaren aikin masana fannin. Idan aka yi amfani da makin jarrabawa, ana cire sunaye don kada a kunyata kowa.

Kayan aiki

Inda akwai kwamfuta da wuta ana amfani da Excel, manhajar kwamfuta ta jera alƙaluma da lissafa su. Inda babu, takardar giraf da rula da alli sun wadatar da kusan duk abin da manhajar ta nema, ko da yake cunkoson aji da gajartar lokacin darasi na hana aikin rukuni.

Harshen koyarwa

A hukumance Turanci ne, amma bayani yakan koma Hausa idan abu ya cije. Masana sun rabu kan amfanin hakan, musamman da yake jarrabawar kammala aji uku da Turanci ake rubuta ta.