Tattalin Gida a Birnin Kano: Tambayoyi da Amsoshi kan Cefane, Makamashi da Ajiya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, lissafin gidaje da yawa a Kano ya rikice. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024, gwamnatin jihar Kano ta amince da naira 71,000, amma mafi yawan mutanen birnin ba ma'aikatan albashi ba ne, 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da sai sun fita suke samu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda magidanta da matan gida suka fi yi wa juna a kan yadda za a riƙe gida da abin da ke hannu.

Idan gida yana son ya rage kashe kuɗi, ta ina ya kamata ya fara?

Mafi yawan magidanta suna farawa ne da rage kuɗin cefanen da suke bai wa uwargida, kuma wannan shi ne wuri mafi muni da za a fara, domin ba ya rage farashin komai, sai dai ya rage abin da yara za su ci, ya kuma haifar da saɓani tsakanin miji da mata. Abin da ya fi dacewa shi ne maigida da uwargida su zauna su rubuta duk abin da ya fita daga hannunsu na tsawon wata guda, tun daga awo da kuɗin A Daidaita Sahu har zuwa katin waya da kuɗin da masu POS ke cira, domin sai an ga inda kuɗi ke zurarewa ake sanin inda za a toshe. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da cewa idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa ne a tsakani, saboda haka matse iyali ba ya cikin tattalin da addini ya yaba.

Me ya sa ake cewa mai awon kullum ya fi kowa sayen abinci da tsada?

Saboda kowane hannu da hatsi ya bi yana ɗora ribarsa. Buhun gero ko masara yana tashi daga ƙauye ya sauka a kasuwar Dawanau, dillali ya ci nasa, mai sari ya kai shi kasuwar Rimi ko Sabon Gari, daga nan mai shagon unguwa ya auna a kwano, ya kasa zuwa rabin kwano da gwangwani. Buhun hatsi a Kano yana ɗaukar kimanin kwano arba'in, kuma wanda ya sayi wannan kwano arba'in ɗaya bayan ɗaya a cikin unguwa zai tarar ya biya fiye da kuɗin buhun, ban da abin da ake rage masa a wajen awo. Haka abin yake ga man girki da sukari da omo da ake ƙullawa a leda, idan aka kwatanta da farashinsu na katan ko jarka a kasuwar Singa.

Ban da yawan hannu, akwai maganar lokaci. Gero yana shigowa tun wajen Satumba, masara da wake su biyo baya, dawa kuma ta iso a Nuwamba zuwa Disamba, kuma a wannan lokaci na kaka ne hatsi ya fi araha a mafi yawan shekaru. Daga bazara farashi ke fara hawa, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin da na rumbu ya ƙare, na gona kuma bai nuna ba. Sai dai wannan ba doka ba ce da ba ta karyewa, domin a shekarar 2025 farashin hatsi ya sauka, waɗanda suka tara don su sayar da tsada suka tafka asara. Shawarar a nan ta shafi abin da gida zai ci ne kawai. Ɓoye abinci don a jira tsada wani abu ne daban, kuma a kansa ne hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau a Fabrairun 2024.

To, wanda ba shi da kuɗin buhu a dunƙule fa, yaya zai yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin gaya wa mai facin taya ko mai wankin hula ya sayi buhu kamar zolaya ce idan ba a nuna masa hanya ba. Hanyar kuwa tsohuwa ce a Kano, ita ce wadda ake bi a watanda, inda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman daidai da kuɗin kowa, musamman a jajiberin Sallah. Babu abin da ya hana maƙwabta huɗu, ko 'yan majalisa ɗaya, ko matan gida ɗaya, su yi wa buhun shinkafa ko jarkar mai irin wannan haɗaka, mutum ɗaya ya je kasuwa, a raba kuɗin mota, kowa ya tashi da kwano goma a farashin sari. Sharaɗin kawai shi ne a auna a gaban kowa da kwano ɗaya, a kuma rubuta, saboda ƙaramin zargi yana rushe zumuncin da aka daɗe ana ginawa.

Idan an sayi wake ko masara da yawa, yaya za a hana ƙwari su cinye?

Ƙwarin hatsi suna buƙatar iska kamar kowace halitta, don haka idan aka hana su iska mutuwa suke yi ba tare da an zuba magani ba. A kan wannan aka gina buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kuma yaɗa shi a arewacin Najeriya tare da cibiyar binciken noma ta IITA mai reshe a Kano. Buhu uku ne a haɗe, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban bayan an matse iskar ciki. Wanda bai samu ba, jarka mai tsabta da murfinta ke rufewa ruf tana yin aikin, muddin an cika ta har baki. Dole ne hatsin ya bushe sarai kafin a rufe shi, kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda danshi da ɓera.

Abin da ya zama wajibi a guje masa shi ne zuba fiya-fiya ko Sniper a cikin abin da za a ci. Sinadarin da ke cikinsu guba ne ga ɗan Adam, kuma saboda samun sa da yawa a cikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a shekarar 2015.

Kayan miya su ne suka fi wahalar da mata. Akwai dabara a kansu?

Akwai, kuma ita ma dabarar lokaci ce. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani na Kadawa da Kura da Garun Malam, wanda ake nomawa da ruwan madatsar Tiga, yana cika kasuwar 'Yankaba har wani ya ruɓe a kwando, amma da damina ta kama sai ya yi tsadar da wasu gidajen ke haƙura da shi. Mai dabara tana sayen kwando a lokacin arahar, ta yanka ta shanya a kan tabarma mai tsabta, ta mayar da shi kauɗa, iskar hunturu kuwa ba ta ɓata lokaci wajen busar da shi. Haka ake yi wa tattasai da attaruhu da kuɓewa. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa da ta karkashi ba miyar talauci ba ce, ko da yake wasu yaran birni sun fara yi musu wannan kallo, kuma gidan da ke yin su sau uku ko huɗu a mako ya rage dogaro da tumatir ƙwarai.

Tsakanin gas da gawayi da itace, wanne ya fi sauƙi?

Farashinsu yana canzawa, saboda haka amsar da ta fi daɗewa ita ce ta yadda ake amfani da su. Girkin da ke ɗaukar lokaci, kamar dahuwar wake da ganda da tuwon mutane da yawa, ya fi dacewa da gawayi, a bar wa gas shayin safe da ɗumame da abin da ake so da gaggawa. Jiƙa wake tun da dare, rufe tukunya, da rage wuta da zarar ruwa ya tafasa, duk suna rage makamashi, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar da aka ba shi. Sai dai kada a shigar da kurfoti mai garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga a lokacin sanyi, saboda gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutane a cikin barci.

Kuɗin wutar lantarki fa?

A Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Ga mai mita ta kati lissafin a fili yake. Ƙwan fitila shida na da, masu wat 60, idan suna ci awa biyar kullum, za su sha yunit 54 a wata, alhali ƙwayayen LED shida masu wat 9 yunit 8 da ɗoriya kawai za su sha, haske kuma kusan ɗaya ne. Amma manyan masu shan wuta su ne kayan da ke yin zafi, wato hita da dutsen guga da rishon lantarki. Hita mai wat 1,500 tana shanye yunit ɗaya da rabi a awa guda, abin da zai ishi waɗancan ƙwayayen LED shida fiye da kwana biyar.

Ajiya a adashi ta fi ko a banki?

Kowanne da aikinsa. Adashi yana tilasta wa mutum ya zuba ko da ba ya so, kuma idan aka tsara kwasa ta faɗo daidai da kaka, ko lokacin biyan kuɗin haya ko na makaranta, ya warware matsalar kuɗin buhu da aka ambata a baya. Rauninsa biyu ne. Babu wanda zai biya idan uwar adashi ta gudu ko wani ya kwasa ya daina zubi, sannan wanda ya kwasa a ƙarshe yana karɓar kuɗin da hauhawar farashi ta riga ta rage wa daraja, shi ya sa gajeren adashi tsakanin mutanen da suka san gidajen juna ya fi aminci. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da Kano a cikin rassansa na farko, kuma hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiya har naira miliyan biyar ga kowane mai asusu a bankunan kasuwanci tun 2024. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin manhajar waya da ake ci don cefane yana zuwa da ruwa mai yawa da wa'adi gajere, kuma shi ne ke cinye kuɗin watan da bai kama ba.

Duk wannan tsimi, ba biki ɗaya ne ke cinye shi ba?

Shi ne kuwa, kuma a nan ne magana ta fi wuya, domin ba a gaban tukunya ake yanke hukuncin ba, a gaban idon dangi ne. Gidan da ya shekara yana lissafin gwangwanin shinkafa yana iya kashe abin da ya tara a mako ɗaya tsakanin anko da kamu da dina da gara, ban da lefe da kayan ɗakin da iyaye da yawa ke ciwo bashi a kansu. Gudunmawar biki zumunci ce, ba a cewa a yanke ta, amma ana iya ware mata kaso a lissafin wata kamar yadda ake ware wa wuta da ruwa, idan ya ƙare a je a yi Allah sanya alheri da kayan da ake da su. Atamfar da aka saya a Kantin Kwari watanni kafin azumi, aka kai wa tela tun bai cika da ɗinkin Sallah ba, ta fi wadda aka saya a goman ƙarshe sauƙi ta kowace fuska. Kayan ɗakin 'ya mace ma iyaye mata na da a hankali suke tara su, kwano ɗaya bayan ɗaya, tun yarinya tana ƙarama. Abin da ya fi rage nauyin shi ne iyayen ango da na amarya su zauna tun ranar sa rana su fayyace yawan akwatuna da yawan tarukan da za a yi, kafin 'yan uwa da ƙawaye su shigo da nasu tsarin.