Kamun kifin kaf da fatsa: abinci, ɗauri da kayan aiki

Kamun kifin kaf da fatsa reshe ne na kamun kifin nishaɗi wanda ya kafu a Ingila a shekarun 1950, daga baya ya bazu zuwa Faransa, Holan, Beljiyam, Jamus, Hangari da sauran ƙasashen Turai. Masu yinsa ba don miya suke yi ba. Idan kifi ya kamu sai a auna shi, a ɗauki hotonsa, a mayar da shi ruwa da ransa. Saboda wannan al'ada kifi ɗaya yakan shiga hannu sau da dama cikin shekaru, kuma duk shigar da ya yi sai ya ƙara wayo. Mafi yawan dabarun abinci da ɗaurin ƙugiya da aka ƙirƙiro a wannan fanni an yi su ne don a ci galabar wannan wayon.

Kifin da halinsa

Kaf, wanda masana ke kira Cyprinus carpio, kifin ruwan daɗi ne. Ana danganta asalinsa da kogin Danube da kogunan da ke zuba a Bahar Aswad da tekunan Kaspiyan da Aral. Yana da gashin baki huɗu, gajeru, ba su kai na tarwaɗa tsawo ba. Babu haƙori a bakinsa. Haƙoran suna can cikin maƙogwaro, kuma suna da ƙarfin da za su farfashe katantanwa da busasshiyar ƙwaya. A ƙasan ruwa yake kiwo: ya miƙo baki kamar mazurari, ya zuƙi laka da duk abin da ke cikinta, ya tace, ya furzar da abin da ba ya so. Zuƙa da furzarwar nan ba ta wuce ƙiftawar ido, kuma ita ce babbar matsalar mai fatsa, domin kifin yakan ɗauki ƙugiya ya tofar da ita mutum yana zaune a gaɓa bai sani ba.

Tarihi

Romawa sun kiwata kaf a tafkuna, sannan gidajen ibadar Kirista na tsakiyar zamani suka yaɗa shi a Turai don abincin kwanakin azumi. Ana kyautata zaton ya isa Ingila a ƙarni na 14 ko na 15. Wani littafin kamun kifi da aka buga a 1496 ya ambace shi, ya ce kaɗan ne a ƙasar.

Har zuwa farkon ƙarni na 20 ana ganin babban kaf kifi ne da ba ya kamuwa sai da tsananin sa'a. A 1930 Albert Buckley ya kama mai laba 26, wato kusan kilo 12, a madatsar ruwa ta Mapperley a gundumar Derbyshire, da curin burodi da aka cuɗa da zuma. Wannan bajinta ta yi shekara 21 ba a wuce ta ba.

Wurin da ya sauya al'amarin wani ɗan tafki ne da girmansa bai wuce eka uku ba a Herefordshire, wanda masu fatsa suka laƙaba wa suna Redmire. A 1934 mai kiwon kifi Donald Leney ya kawo ƙananan kaf 50 aka zuba a ciki don su rage ciyawar da ta cika ruwan. Aka bar su ba mai takura musu, abinci ga shi birjik, suka yi ta girma. A 1951 Bob Richards ya fitar da mai laba 31 da oza 4. A shekarar ce kuma wasu mutane ƙalilan suka kafa ƙungiyar masu kamun kaf, wadda mambobinta ke musayar wasiƙu kan abin da kowa ya gwada ya gani. Jagoranta a tunani shi ne Richard Walker, injiniya, wanda ya nace cewa babban kifi yana kamuwa idan an nazarci halinsa an kuma yi kayan da suka dace da ƙarfinsa. Ranar 13 ga Satumba 1952, da asubahi, Walker ya kama kaf mai laba 44, kusan kilo 20, a Redmire, da curin burodi da ɓawonsa. Bai kashe kifin ba. An kai shi gidan namun daji na Landan, inda aka san shi da sunan Clarissa, ya rayu a can har farkon shekarun 1970. Sandar da Walker ya tsara, Mark IV, ta tsagaggiyar gora ce mai tsawon ƙafa 10, kuma kamfanin B. James ya riƙa ƙera ta don sayarwa.

A Yunin 1980 Chris Yates ya kama mai sama da laba 51 a tafkin nan dai, da ƙwayoyin masara mai zaƙi da sandar gora irin ta da. Kwamitin da ke tantance irin wannan bajinta bai amince da ita nan take ba, domin Yates ya mayar da kifin ruwa maimakon ya kawo shi a gani. Masu fatsa dai sun karɓe ta.

Abincin ƙugiya

A zamanin Walker abin da ake sa wa ƙugiya shi ne burodi, tana, da dankalin turawa da aka ɗan dafa. A shekarun 1960 aka koma ga curin naman gwangwani da abincin kyanwa. Matsalar curi mai laushi ita ce ƙananan kifaye sukan yagalgala shi kafin kaf ya iso.

Maganin wannan ya fito ne daga Fred Wilton, ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Landan mai kamun kifi a tafkunan Kent, wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Ra'ayinsa shi ne kifi yana gane abincin da ke amfanar jikinsa, zai kuma riƙa nemansa idan an saba masa da shi. Ya haɗa garin furotin na madara da sinadaran gina jiki, ya kwaɓa da ɗanyen ƙwai, ya mulmula, ya tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci. Ƙwan ya sa bayan curin ya yi tauri, ƙaramin kifi ba ya iya gutsura, kaf kuwa ya zuƙe ya murƙushe a maƙogwaro. Wannan dafaffen curi shi ake kira boili. Yau ana yin sa da garin alkama mai tsaki-tsaki, garin waken soya, garin kifi ko abincin tsuntsaye, a ƙara ƙamshi da launi, girmansa yawanci milimita 10 zuwa 24. Akwai mai nutsewa, akwai mai tasowa sama wanda ake ɗaure shi ya tsaya kaɗan bisa laka. Tun farkon shekarun 1980 ake sayar da shi a shirye. Ko da gaske kifi yana tantance amfanin abinci kamar yadda Wilton ya ce, har yanzu ra'ayi ya rabu.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyi. Rod Hutchinson ya yi suna a shekarun 1970 da watsa ƙananan ƙwayoyi masu yawa a wuri ɗaya, har kifi ya shagala da tsince-tsince ya manta da tsoro. Cikin waɗanda suka fi karɓuwa akwai masara, wake iri-iri, da aya. Ayar nan da ake nomawa a yankin Maraɗi da arewacin Nijeriya, wadda ake ci ɗanya ko a yi kunu da ita, tana cikin abincin kaf mafi daraja a Turai. Sukan jiƙa busasshiyar aya kwana ɗaya ko biyu, su dafa ta kamar rabin awa, su bar ta cikin ruwan dahuwar na wasu kwanaki har ruwan ya yi kauri da yauƙi da zaƙi. Taurinta ne amfaninta: tana iya kwana a ruwa ba abin da ya taɓa ta sai kaf. Ƙwayar da ba a jiƙa an dafa ba tana iya kumbura a cikin kifi ta cutar da shi, shi ya sa wasu tafkuna suka hana aya da gyaɗa gaba ɗaya. Lokacin da wata shahararriyar kaf ta Ingila mai suna Benson ta mutu a 2009, bayan an ce an kama ta sau 63, ɗanyar ƙwaya aka fara zargi, ko da yake ba a tabbatar ba.

Ana kai abinci nesa da danƙon harbi, ko bututun jifa, ko ƙaramin jirgi mai rimot, ko leda mai narkewa a ruwa wadda ake cusa ƙugiyar a ciki tare da abincin.

Ɗaurin ƙugiya

Tun asali ana binne ƙugiya ne cikin abincin don kada kifi ya gan ta. Da boili ya zo da taurinsa, sai ƙugiyar ta kasa fitowa ta soki kifin. A ƙarshen shekarun 1970 Lenny Middleton da Kevin Maddocks suka riƙa lura da kaf a cikin tankin ruwa. Suka ga kifin yana cinye duk abincin da aka watsa, ya bar wanda ke jikin ƙugiya, ko ya ɗauka ya tofar da zarar leɓensa ya ji zare. Sai suka bar ƙugiyar tsirara, suka rataya abincin a bayanta da silin gashin kai na mutum. Abincin ya riƙa motsi kamar ba a ɗaure yake ba. Kifi ya zuƙe shi, ƙugiya ta biyo baya, idan ya zo furzarwa sai tsininta ya kama leɓen ƙasa. Daga nan sunan ɗaurin gashi ya samo asali, ko da yake ba a daɗe ba aka maye gurbin gashin da siririn zare. Sun ɓoye dabarar na ɗan lokaci, ta fito fili wajen 1981, shekarar da Maddocks ya buga littafinsa Carp Fever. Babu wata ƙirƙira a wannan fanni da ta kai ta tasiri, kuma kusan duk ɗaurin da ake yi yau daga gare ta ya tsiro.

Abokin tafiyarsa shi ne ɗaurin zabura. Ana sa dalma mai nauyin oza 2 zuwa 4, wato kusan giram 57 zuwa 113, kusa da ƙugiya, da gajeren zare a tsakani. Kifi ya ji tsini ya zabura, nauyin dalmar ya kafa masa ƙugiyar, wato shi ya kama kansa. Ana maƙala dalmar ta yadda za ta saɓule idan zare ya tsinke, don kada kifi ya yi ta janta har ta sarƙe shi a ciyawa ya mutu. Sauran nau'o'in sun haɗa da na ƙasa mai laka da ruɓaɓɓen ganye, da wanda ke tsayar da abinci a tsakiyar ruwa lokacin da kifi ya taso.

Sanda da sauran kaya

Sandar yau ta kabon ce, tsawonta yawanci ƙafa 12. Ana auna ƙarfinta da nauyin da zai lanƙwasa kanta ya yi kusurwar digiri 90: na Mark IV laba ɗaya da rabi ne, na yanzu yakan kai laba 3 ko fiye, saboda jifa mai nisa da dalma mai nauyi. Manaɗin zaren yana da maɓallin da ke barin kifi ya ja zare ba tare da ya fizge sandar ba. Ana jera sanda biyu ko uku bisa matokari, kowace da ƙararrawar lantarki da ke kuka idan zare ya motsa. Kafin ƙararrawar, guntun takarda mai ƙyalli ake ratayawa a zaren a zuba masa ido har gari ya waye. Sai koma mai faɗin inci 42, katifar kwantar da kifi, maganin shafa wa raunin ƙugiya, da tanti, domin zaman jira yakan kai kwana biyu ko mako.

Doka da saɓani

A Ingila sai da lasisin hukumar kula da muhalli, kuma an hana wannan kamun kifi a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Akwai jayayya kan jiragen kai abinci, da kan kifin da aka yi wa kiwon turka kafin a sake shi a tafki. A 2018 an kama kaf mai kilo 51.2 a tafkin Euro Aqua na Hangari, wanda a lokacin shi ne mafi girma da aka sani an kama da fatsa.

A wasu ƙasashe

A Poland da Jamhuriyar Cek kaf abincin Kirsimeti ne. A Ostareliya annoba ake ɗaukarsa saboda ɓarnar da yake yi wa koguna. A Nijeriya an shigo da shi gonar kifi ta Panyam a Filato a shekarun 1950, don kiwo.