Garambawul: kalmar gareji da ta koma bakin 'yan ƙwallo

Daga ƙarshen watan Mayu, da zarar an rufe kakar wasannin Turai, gidajen kallon ƙwallo na Gusau sai su yi tsit. Benci ya yi ƙura, janareto ya huta, mai gidan kallo ya koma lissafin kuɗin taki da na huɗa, don lokacin yakan zo daidai da faɗuwar damina. Musu kuwa ba ya mutuwa, teburin mai shayi yake komawa. A can ne na ji wani dattijo, tsohon ɗan Manchester United tun zamanin koci Ferguson, yana bugun tebur yana cewa, "Wagga ƙungiya in ba garambawul anka yi mata ba, ba ta tashi."

Na ce, "Baba, wane irin garambawul?"

Sai ya fara jero mini sunayen 'yan wasa biyar da yake so a sayo. Ko ɗaya bai ambaci wanda za a sallama ba, balle inda kuɗin zai fito. Yawancinmu haka muka ɗauki kalmar, cewa garambawul cefane ne.

Masu kalmar na asali su ne kanikawa. Idan injin mota ko na babur ya fara shan baƙin mai, yana hayaki, ba ya iya hawan tudu, bakanike zai ce sai an yi masa garambawul. Ana sauke injin, a warware shi ɗaya bayan ɗaya a kan buhu, a wanke da fetur, a duba fistin da ringi da bawul. Abin da ya cinye a jefar, abin da ke da sauran rai a mayar, abin da babu a je kasuwa a nemo daidai lambarsa. Motar za ta kwana biyu a gareji ba ta kawo ko sisi, kuma bayan an ɗaure injin ba a yarda direba ya taka ta da ƙarfi sai ta saba. Daga nan 'yan jarida suka ari kalmar, ka ji an ce gwamna ya yi wa majalisar kwamishinoninsa garambawul. Yanzu ga ta a shafukan wasanni.

A ƙwallo, garambawul shi ne sake fasalin tawagar 'yan wasa da gangan, bisa tsari, saboda wadda ake da ita ta tsufa, ko ta yi tsada fiye da amfaninta, ko ba ta dace da salon da koci yake son bugawa ba. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi bara ta ƙara mutum biyu bana, wannan gyaran fuska ne. Garambawul sai an taɓa ƙashin bayan tawagar, an rabu da mutanen da magoya baya suka saba da su, kuma an yarda cewa sakamako zai iya yin muni kafin ya yi kyau.

Dalilin da ya sa maganar take tashi a lokacin hutu shi ne doka. Ba kullum ake yi wa sabon ɗan wasa rajista ba. FIFA ta ware lokaci biyu a shekara, babba tsakanin kaka da kaka wanda ba ya wuce mako 12, da ƙarami a tsakiyar kaka. A Ingila da Sifaniya da Italiya babban yakan kama daga tsakiyar shekara zuwa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ƙaramin kuma watan Janairu. Kowace ƙasa da ranar rufe kasuwarta. Shi ya sa a Satumbar 2024, bayan manyan kasuwanni sun rufe Victor Osimhen yana nan a Napoli ba a shirin sa shi a wasa, ƙofar Turkiyya da ke buɗe ita ce ta kai shi Galatasaray a matsayin aro.

Kafin a shiga kasuwa, daraktan wasanni da koci sukan zauna da takardar tawaga, su bi ta gurbi gurbi. Gola nawa gare mu? In ɗan baya na hagu ya ji rauni a watan Nuwamba, wa zai tsaya? Lamba 9 ɗinmu, wato ɗan gaban da ke ci mana ƙwallo, shekararsa nawa, kuma shekara nawa ta rage a kwantiraginsa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai hana shugabanni barci, kuma asalinta wani ɗan Beljiyam ne, Jean-Marc Bosman. A 1990 kwantiraginsa ya ƙare da ƙungiyarsa ta Liège, ya so komawa Dunkerque a Faransa, aka tsaya kan sai an biya kuɗi. Ya kai ƙara, a Disambar 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan, wanda kwantiraginsa ya ƙare zai ɗauki takalminsa ya tafi kyauta, kuma in saura wata shida yana iya ƙulla magana da ƙungiyar wata ƙasa. PSG ta birnin Paris ta biya Monaco kusan yuro miliyan 180 a kan Kylian Mbappé, a 2024 ya wuce Real Madrid ba ta karɓi kuɗin ciniki ba. Saboda haka idan ka ga an sayar da gwanin da saura shekara ɗaya a takardarsa, kada ka yi saurin zagin shugabanni. Rago ne ake kaiwa kasuwa kafin Sallah ta wuce.

Sai batun gurbi. A Firimiya ba a yi wa fiye da mutum 25 da suka haura shekara 21 rajista, kuma cikinsu waɗanda ba a rena a ƙungiyoyin Ingila ko Wales ba kada su wuce 17. Wato kafin sabo ya shigo, sai wani ya fita. Fitar kuwa ita ce aiki. Ɗan wasan da ke karɓar albashi mai kauri kowane mako, ƙafarsa ta yi sanyi, babu mai sayensa kuma ba ya son tafiya, sai dai a ba da shi aro ana biyan rabin albashinsa, ko a biya shi a raba gari. Arsenal ta yi haka da Mesut Özil a Janairun 2021, ta kuma yi da tsohon kyaftin ɗinta Aubameyang shekara ɗaya bayan nan. Kocinta Mikel Arteta ya gama a mataki na takwas sau biyu a jere, 'yan Arsenal na gidajen kallonmu suka sha ba'a har wasu suka daina fitowa ranar Asabar, kafin tawagar Saka da Ødegaard da Saliba ta kai ga zama ta biyu a 2023.

Kuɗin ma ba yadda muke ƙirga shi ake ƙirga shi ba. In an sayi ɗan wasa fam miliyan 80 a kwantiragin shekara huɗu, a littafin ƙungiya miliyan 20 ake rubutawa kowace shekara. In shekara takwas ce, miliyan 10. Wannan dabara Chelsea ta kama bayan Todd Boehly da abokansa sun saye ta a 2022: ta ɗauko Enzo Fernández a kan sama da fam miliyan 100, ta ba shi shekara takwas da rabi, haka ma Mudryk. Da abin ya yi yawa hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta ce daga 2023 ba a raba kuɗin ciniki fiye da shekara biyar. A ɗaya gefen, yaron da aka rena a gida in an sayar da shi, duk kuɗin riba ce a littafi, abin da ya sa irin su Mason Mount da Conor Gallagher suka fi saurin zuwa kasuwa. Kuma dokar tana cizo. A lokacin Firimiya ta ƙayyade asarar fam miliyan 105 cikin shekara uku, a kakar 2023/24 aka zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki saboda sun tsallake iyaka. Ita Chelsea, duk da kuɗin da ta zuba, ta 12 ta gama a 2023.

Misalin da na fi so in ba mai musu shi ne na mutum ɗaya, Philippe Coutinho, don ya nuna ƙungiya biyu da kuɗi a hannu, kowace da abin da ta yi da nata. A Agustan 2017 PSG ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona. Duniya ta san aljihun Barcelona a cike yake, kuma ta san a ruɗe take, sai kowa ya tsuga mata farashi. Ta sayi Dembélé sama da yuro miliyan 100, a Janairun 2018 ta sayi Coutinho daga Liverpool a kan kuɗin da ya fi haka, a 2019 ta ƙara Griezmann yuro miliyan 120. Duk 'yan gaba ne, alhali tsakiyar fili da baya ne suke tsufa. Fenti aka yi ta shafa wa mota, inji yana hayaki.

Liverpool kuwa ta rabu da gwanin da ya fi kowa ado a tawagarta, ba ta nemi mai kama da shi ba. Kocinta Jürgen Klopp ya san ciwonsa a baya yake. A wannan Janairun ya kawo Virgil van Dijk daga Southampton fam miliyan 75. Bayan kurakuran gola sun ba da gudummawa wajen shan kashi 3-1 a hannun Real Madrid a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, ya kawo Alisson daga Roma. Andy Robertson kuwa tun 2017 an tsinto shi a Hull City da ta faɗa ƙaramar gasa, a kan kusan fam miliyan takwas. Ƙwallayen da aka zura musu a Firimiya suka sauko daga 38 zuwa 22 cikin kaka ɗaya. A Mayun 2019 suka lallasa Barcelona 4-0 a Anfield, Coutinho yana cikin waɗanda aka lallasa, suka ɗauki kofin Zakarun Turai, a 2020 suka ɗauki kofin lig na farko cikin shekara 30. Barcelona ta ba da Coutinho aro ga Bayern Munich, ya zura wa Barcelona biyu ranar da Bayern ta ci ta 8-2 a Lisbon. Shekara ɗaya bayan nan Barcelona ta kasa yi wa Messi sabuwar rajista saboda nauyin albashi, ya yi bankwana da hawaye.

Wani lokaci ma ragewa ce maganin. Messi da Neymar sun bar PSG a 2023, Mbappé ya bi bayansu a 2024, sai a 2025 kocinta Luis Enrique ya ci Inter Milan 5-0 da tawagar matasa, ya ba ƙungiyar kofin Zakarun Turai da taurarin suka kasa kawo mata.

Idan aka dawo gida, kalmar tana nan amma ma'anarta ta karkace. Gasar ƙwararru ta Najeriya ƙungiya 20 ce, huɗu na ƙasa suna faɗuwa kowace kaka, kuma mafi yawan ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne. Mu nan Zamfara United muke da ita, wadda ta taɓa buga babbar gasar ƙasa, maƙwabtanmu kuma suna da Kebbi United da Sokoto United. Ƙungiyar da kuɗinta daga baitulmalin jiha yake fitowa ba ta da ikon cewa ga abin da za ta kashe nan da shekara uku. Kwantiragi yakan zama na kaka ɗaya, in an canja shugabannin ƙungiya a canja koci, sabon koci ya zo da yaransa. Sai ka ji sanarwa an sallami mutum goma sha biyar ko ashirin a rana ɗaya, a kira shi garambawul. Bakanike ba zai yarda da wannan suna ba. Wanda ya jefar da inji gaba ɗaya ya ɗauko wani a kasuwar gwanjo bai duba komai ba, sa'a kawai yake gwadawa.

Wani ƙanena ya taɓa zuwa tantancewa a wata ƙungiya a wata jiha. Ya sayar da buhun wake ya yi kuɗin mota. Ya tarar da matasa cike da fili, aka raba su rukuni rukuni, kowa ya buga abin da bai kai rabin sa'a ba. Ya ce sau uku ya taɓa ƙwallo. Da aka liƙa sunaye, yawanci waɗanda ba su ma sa takalmi ba ne ranar. Ya dawo ya kama sana'ar gyaran waya, har yau in an yi maganar tantancewa dariya kawai yake yi.

Ba wai ba a iya yin na gaskiyar a ƙasar nan ba ne. Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, tana da filinta da makarantar renon yara, ta riƙe koci Daniel Ogunmodede kaka bayan kaka. Ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ta ɗauki kofi a 2025, karon farko a tarihinta. Kano Pillars ma da ta ɗauki kofi sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, mutane irin su Rabi'u Ali da suka daɗe a cikinta ne suka riƙe ta.

Akwai kuma wani kaso da ƙananan ƙungiyoyinmu na unguwa suke asararsa saboda rashin takarda. Dokar FIFA ta ce in an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 da 23. Kocin da ke tara yara da yamma a Tudun Wada ko Ƙaura Namoda ko Talata Mafara yana da haƙƙi a wannan kaso, in har ƙungiyarsa tana da rajista kuma sunan yaron yana rubuce a ƙarƙashinta. In babu, yaro ya tafi ya tafi ke nan.

Da na gama yi wa dattijon nan wannan bayani, na tuna masa cewa tun tafiyar Ferguson a 2013 kusan kowace damina ƙungiyarsa sai ta yi cefane, amma ta 15 ta gama a 2025. Ya kurɓi shayinsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, ko lamba tara guda a sawo muna dai."