Waiwaye: Gwajin Milgram da Tasirin Abokin da Ya Ƙi Bin Umarni

A watan Afrilun 1961 aka gurfanar da Adolf Eichmann a gaban kotu a birnin Ƙudus bisa hannun da yake da shi a kisan ƙare dangi da gwamnatin Nazi ta yi wa Yahudawa, kuma hujjar da ya kafe a kanta ita ce umarni aka ba shi ya bi. Bayan 'yan watanni, Stanley Milgram, matashin malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale da ke Amurka, ya fara wani gwaji domin ya auna iyakar biyayyar mutum ga wanda yake ganin yana da iko a kansa.

An gayyato mazaje ta tallar jarida, aka ce musu bincike ne kan yadda hukunci ke shafar hadda. Ana zaunar da mutum gaban na'ura mai maɓallai 30, daga bolt (ma'aunin ƙarfin lantarki) 15 zuwa 450, a umarce shi da ya jona wa wani ɗalibi lantarki duk sa'ad da ya yi kuskure, yana ƙara ƙarfi mataki-mataki. Ɗalibin na hannun masu binciken ne, babu wutar da ke taɓa shi, amma mai danna maɓallin bai sani ba. A sakamakon da aka wallafa a 1963, mutum 26 cikin 40, wato kashi 65 cikin ɗari, sun kai maɓalli na ƙarshe.

Wannan adadi ne duniya ta riƙe, har aka kusa mantawa da cewa Milgram ya sauya fasalin gwajin sau da yawa, kuma sauyin da ya fi ba da mamaki shi ne na abokan aiki. A nan an haɗa mutumin da wasu biyu da aka riga aka tsara abin da za su yi. Na farko ya janye a bolt 150, lokacin da ɗalibin ya nemi a sake shi, na biyu ya bi sahunsa a 210, duk da matsin jagoran gwajin. Mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Da aka juya tsarin, ya zama abokin ne ke danna maɓallin shi kuma mutumin yana taimakawa daga gefe, 37 cikin 40 suka zauna har aka gama. Tun kafin haka, Solomon Asch, wanda Milgram ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya nuna a gwajinsa na kwatanta tsawon layuka cewa samun mutum guda da ya saɓa wa taro yana rage bin yarima a sha kiɗa matuƙa.

Suka ba ta jima ba ta biyo baya. A 1964 Diana Baumrind, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta ƙalubalanci irin ƙuncin zuciyar da aka jefa mutane a ciki, daga baya kuma marubuciya Gina Perry ta binciki faya-fayen da ke ajiye a Yale, ta nuna cewa jagoran gwajin yakan wuce kalaman da aka tsara masa, kuma wasu mahalarta sun yi shakkar cewa wutar ta gaskiya ce.

A 2009 Jerry Burger na Jami'ar Santa Clara ya wallafa maimaicin gwajin, inda ya tsaya a bolt 150 saboda ƙa'idojin kare mahalarta. Kashi 70 cikin ɗari sun yi niyyar zarcewa. Da ya sa abokin aiki guda ya janye a bolt 90, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 63 ne kawai, bambancin da bai taka kara ya karya ba a lissafin masana. A ganina wannan bai rushe abin da Milgram ya gano ba, domin mutum biyu da suka yi tsayin daka bayan ɗalibi ya nemi a sake shi ba daidai suke da mutum guda da ya zame tun da wuri ba, musamman da yake nan take jagoran ya miƙa wa mahalarcin na'urar ya ce ya ci gaba daga inda aka tsaya.