Dutsen da aka ɗauke, garin da aka tasa: tambayoyi a kan Thule da ke arewacin Girinland

Idan aka ta da maganar Girinland a labarai, akasari zancen ma'adinai ne, ko kwaɗayin Amurka na mallakar tsibirin, ko ƙanƙarar da ke narkewa. Da wuya a ji sunan Inughuit, 'yar al'ummar da ba ta wuce mutum 800 ba a can ƙuryar arewa maso yamma. Alhali abin da ya same su cikin shekara ɗari da 'yan kai ya isa ya nuna yadda baƙi suka daɗe suna kallon ƙasashen ƙanƙara: fili ne marar mai shi, ka kwashi abin da ya yi maka, ka binne abin da ba ka so.

Su wane ne Inughuit, kuma da me mutum zai rayu a irin wannan wuri?

Reshe ne na al'ummar Inuit, 'yan asalin ƙasashen ƙanƙara na Girinland da Kanada da Alaska, kuma suna cikin mutanen da suka fi kowa kusanci da tsinin arewacin duniya. A Qaanaaq, babban garinsu na yanzu, rana kan faɗi a ƙarshen Oktoba, ba a sake ganin ta sai tsakiyar Fabrairu. Ba bishiya, ba noma. Abin da ya riƙe su shi ne wani makeken ruwa tsakanin Girinland da tsibirin Ellesmere na Kanada, mai suna Pikialasorsuaq, wanda ba ya daskarewa gaba ɗaya ko da sanyi ya kai matuƙa. Nan dabbobin teku ke taruwa su shaƙi iska, nan mafarauta ke samun nama da kitse da fata. Da rani kuma ƙananan tsuntsayen teku kan zo miliyoyi su yi sheƙa a gindin duwatsu. Ana kama su da raga a bakin doguwar sanda, a cusa ɗaruruwa cikin fatar sil, wata dabbar teku mai kitse, a ɗinke, a shafe bakin ɗinkin da kitse saboda ƙuda, a danne da duwatsu na wasu watanni. Shi ne kiviaq, abincin biki a lokacin duhu.

A 1818 ne wani hafsan jiragen ruwan Ingila, John Ross, ya iso wurinsu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne wuƙaƙensu da masunsu, domin da bakin ƙarfe ya gan su.

Ina suka samo ƙarfe, tunda ba itacen da za a hura wutar maƙera?

Daga sama ya faɗo musu. Dubban shekaru da suka wuce wani ƙaton dutsen ƙarfe ya faɗo daga sararin samaniya ya tarwatse kusa da inda ƙauyen Savissivik yake a yau. Mutanen yankin sun raɗa wa manyan ɓaraguzan suna: Tanti, Mace da Kare. Mafarauci zai zo da dutse mai tauri ya yi ta bugu har ya ɓantaro 'yar ƙwarya kamar farce, ya daddake ta ta yi faɗi, ya jera ta a tsagar ƙashi, wuƙa ta samu. Kewaye da Mace an tarar da tulin duwatsun bugu dubbai, shaidar zuriya bayan zuriya da suka yi ta zuwa.

A 1894 wani ɗan yankin ya kai Ba'amurken nan mai neman tsinin duniya, Robert Peary, wurin. Shekara na zagayowa ya loda Mace da Kare a jirgi. Tanti, wanda ake kira Ahnighito, nauyinsa ya kai tan 31, sai a 1897 ya iya jan sa zuwa gaɓa a kan layin dogo na wucin gadi. Daga baya iyalin Peary suka sayar da su wa gidan tarihin halittu na birnin Niyu Yok a kan dala 40,000. A waccan shekarar ta 1897 ɗin ce kuma sojojin Ingila suka kwashe kayan tagullar fadar Benin, don a gane cewa ɗabi'ar zamanin ce gaba ɗaya.

Masu kare Peary kan ce ai a lokacin Inughuit sun riga sun fara samun wuƙaƙe daga jiragen Turawa, ba su da sauran buƙatar dutsen. Haka ne, amma don magidanci ya daina ɗaura takobin kakansa ba ya nufin ya bar wa duk wanda ya biyo ta ƙofar gida.

Gaskiya ne har da mutane aka tafi a wannan jirgin?

Gaskiya ne, kuma nan ne labarin ya fi muni. Masanin halayyar al'ummomi Franz Boas, wanda ke aiki a gidan tarihin, ya roƙi Peary ya zo masa da mutum ɗaya don nazari. Peary ya zo da shida, ciki har da wani magidanci mai suna Qisuk da ɗansa Minik, yaro ɗan kimanin shekara bakwai. Da jirgin ya tsaya, dubban mutane suka biya kuɗi suka shiga kallon su. Aka saukar da su a ɗakin ƙasa na gidan tarihin. Jikinsu bai san cututtukan birni ba, cikin 'yan watanni tarin fuka ya kashe huɗu, har da Qisuk a farkon 1898. Ɗaya ya koma gida, aka bar Minik shi kaɗai.

Yaron ya nace a binne mahaifinsa bisa al'adarsu. Sai ma'aikatan suka naɗe gungumen itace da mayafi, suka binne shi da almuru a harabar gidan tarihin, yaron na tsaye yana kallo. Gawar kuwa an riga an feɗe ta, an wanke ƙasusuwan an shigar da su cikin kayan ajiya. Wani ma'aikacin wurin, William Wallace, ya riƙe Minik. Sai da ya zama saurayi ya gano abin da aka yi masa, ya yi ta neman a ba shi ƙasusuwan mahaifinsa, aka hana. A 1909 ya koma Girinland ya tarar harshen uwarsa ya ɓace masa. Ya sake koyo, ya zama mafarauci kuma tafinta, amma zama bai yi masa daɗi ba. Ya dawo Amurka a 1916, yana aikin yankan katako a jihar New Hampshire annobar murar nan ta 1918 ta ɗauke shi. Ƙasusuwan mutum huɗun sai a 1993 aka kai su Qaanaaq aka binne.

To amma ba da taimakonsu Peary ya yi suna ba?

Da shi ne ƙwarai. Matan Inughuit ne suka ɗinka tufafin fatar da ya sa, mazansu suka kora karnukan da ke jan kaya, suka gina ɗakunan ƙanƙarar da aka kwana ciki. Ranar 6 ga Afrilu 1909, da ya ce ya taka tsinin arewa, mutum biyar ne tare da shi: Matthew Henson, baƙar fata ɗan Amurka wanda ya iya harshen mutanen, da Inughuit huɗu, Ootah, Egingwah, Seegloo da Ooqueah. Har yau masana na shakkar ko sun kai ainihin wurin. Lambobin yabo dai Peary ya kwashe. Henson ya ƙare a ƙaramin aikin kwastan, sai da ya tsufa aka fara tunawa da shi.

Me ya faru a 1953?

Bayan yaƙin duniya na biyu, Amurka ta lura cewa hanya mafi kusa tsakaninta da Tarayyar Sobiyet ta saman arewacin duniya ta bi. A 1951 ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Denmak, wadda ke mulkin mallakar Girinland tun zuwan ɗan mishan Hans Egede a 1721. A 1951 ɗin dubban ma'aikata suka dira da jiragen ruwa suka gina sansanin sojan sama na Thule, dab da ƙauyen Uummannaq, inda mai binciken ƙasashen ƙanƙara Knud Rasmussen ya kafa tashar ciniki tun 1910. Ba a tambayi masu ƙauyen ba.

A Mayun 1953, da Amurka ta so kafa makaman kakkaɓo jirage, hukumomin Denmak suka ba iyalai 27, mutum 116, wa'adin 'yan kwanaki su tashi. Suka ɗaure kaya a amalanken ƙanƙara da karnuka ke ja, suka bar gidajensu da kaburburan iyayensu, suka nausa arewa fiye da kilomita 100 zuwa Qaanaaq. Gidajen da aka yi musu alkawari ba a ma fara ba, a tanti suka zauna wata da watanni.

A dubi lokacin da kyau. Ranar 5 ga Yunin 1953 sabon tsarin mulkin Denmak ya fara aiki, wanda ya soke matsayin Girinland na ƙasar mallaka, ya ba mutanenta kariya irin ta kowane ɗan ƙasa, har da kariyar dukiya. An tashe su ana saura 'yan kwanaki. Shekaru da dama kuma gwamnati na cewa su da kansu suka nemi tashi, wai ƙarar jirage ta kore musu namun farauta. A daidai wannan shekara Kanada ma ta kwashi iyalan Inuit daga Inukjuak ta kai su Resolute da Grise Fiord, can arewa mai nisa, ba ta ba da haƙuri ba sai a 2010.

Sun kai ƙara kuwa?

Sun kai, bayan masu bincike sun tono takardun gwamnati a shekarun 1980. Ƙungiyarsu, Hingitaq 53, ta shigar da ƙara a 1996. A 1999 babbar kotu ta tabbatar cewa tilas aka yi musu, Firaminista Poul Nyrup Rasmussen ya ba da haƙuri. Diyyar ce abin takaici: kurona (kuɗin Denmak) 500,000 ga al'ummar baki ɗaya, sai 15,000 ko 25,000 ga kowane mutum, alhali sun nemi sama da miliyan 200. A 2003 Kotun Ƙoli ta bar hukuncin yadda yake, ta hana su haƙƙin komawa, ta kuma ce su ba al'umma ce daban da sauran mutanen Girinland ba. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ƙi karɓar ƙararsu a 2006.

Ita ƙasar fa, me sansanin ya bar mata?

Ranar 21 ga Janairun 1968 wani jirgin yaƙin Amurka samfurin B-52, ɗauke da bama-baman haidirojin huɗu, ya kama wuta ya faɗo kan daskararren teku kusa da sansanin. Bama-baman ba su yi fashewar nukiliya ba, amma sun farfashe, sinadarin fulutoniyam ya watsu a kan ƙanƙara. Cikin duhu da sanyi mai kisa, mafarautan Inughuit da karnukansu ne aka nemi taimakonsu wajen neman matuƙan da kai kayan aiki wurin, wato mutanen da aka kora shekara 15 kafin nan. Aka kankare gurɓatacciyar ƙanƙara aka kai Amurka. Denmak tana ikirarin ba ta yarda da makaman nukiliya a ƙasarta ba, sai a 1995 ta bayyana cewa tun 1957 Firaminista H.C. Hansen ya ba Amurka dama a asirce.

Akwai kuma Camp Century, wani sansani da aka haƙa cikin cikin ƙanƙara a 1959, fiye da kilomita 200 gabas da Thule, har da injin nukiliya mai ba shi lantarki. An ce na bincike ne, amma a bayan fage ana gwada ko za a iya ɓoye ɗaruruwan makamai masu linzami a ramuka. Ƙanƙarar ta ƙi, domin motsi take, tana matse ramukan. Aka cire injin, aka watsar da wurin a 1967, bisa tunanin dusar ƙanƙara za ta rufe sauran har abada. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa an bar kimanin lita 200,000 na man dizal da lita 240,000 na gurɓataccen ruwa, ban da sinadarai masu guba, ya kuma yi gargaɗin cewa ɗumamar yanayi na iya fara zaizaye murfin wajen ƙarshen wannan ƙarni. Binciken da ya biyo baya ya ce da wuya hakan ta faru kafin 2100. Saɓanin a kan lokaci ne kawai.

Abin mamaki, daga wannan sansanin ne aka haƙo ƙanƙara mai zurfin kusan mita 1,390 a 1966, wadda masanin Denmak Willi Dansgaard ya karanta tarihin yanayin duniya a cikinta. Lakar da ke can ƙasanta an manta da ita a firji a Kopenhagen, da aka sake duba ta bayan 2017 sai ga ɓurɓushin ganye da tsirrai. Ke nan wurin ya taɓa zama ba ƙanƙara, kimanin shekara 400,000 da suka wuce.

Masu fafutukar kare muhalli ai suna bayan irin waɗannan al'ummomi, ko ba haka ba?

Ba kullum ba. Kamfen ɗin hana farautar sil, wanda aka yi da hotunan fararen jariran dabbar, ya kai Turai ga hana shigo da fatarsu a 1983, ta faɗaɗa haramcin a 2009. An ce ban da Inuit, amma kasuwar ta riga ta mutu, ba mai sayen fatar ko ta wane ne. Mafarauta a Girinland da Kanada suka rasa hanyar samun kuɗin harsashi da mai. Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace reshen Kanada ta nemi gafarar Inuit a 2014. A ganina tsohon kallon ne ya sake riga: ana ganin ƙanƙara da dabba, ba a ganin mutumin da ke tsakaninsu.

An dawo musu da wani abu?

An dawo da wasu. Tsakanin 1982 da 2001 gidan tarihin ƙasa na Denmak ya mayar da kayayyaki kusan 35,000 zuwa Nuuk, babban birnin Girinland, a wani shiri mai suna Utimut da ake yawan kafa misali da shi. Tsibirin ya samu gwamnatinsa ta cikin gida a 1979, aka ƙara masa iko a 2009, har da ikon ma'adinansa da haƙƙin neman 'yancin kai ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. A 2018 Denmak ta ware kurona miliyan 180 don share tsofaffin wuraren da sojojin Amurka suka bari, tun 2017 kuma ta sa na'urorin da ke lura da Camp Century. A 2023 aka sauya wa sansanin Thule suna zuwa Pituffik, sunan da masu ƙasar ke kiran filin. Sansanin na nan yana aiki, sharar na nan a binne, Ahnighito kuma yana Niyu Yok a kan ginshiƙan da aka kafa har cikin dutsen ƙarƙashin ginin saboda nauyinsa.