Salon gadajen katako a ƙarshen ƙarni na 19

Tsakanin 1860 da 1900, a Ingila da Amurka, gadon katako ya sauya kama sau da yawa. Abubuwa uku ne suka riƙa juya shi: injinan tururi da suka shiga masana'antun kafintoci, irin itacen da ake samu a kasuwa, da kuma tsoron cuta da ya sa mutane suka fara ƙyamar labulen gado.

Kafin wannan lokaci, gadon masu hali shi ne mai ginshiƙi huɗu da rumfa, wanda ake zagaye shi da labule saboda sanyi. Da likitoci suka yi ta kukan cewa labulen yana tara ƙura yana kuma hana iska shiga, sai aka rage rumfar ta koma rabi, tana rufe wajen kai kawai. Daga baya ita ma rabin ta tafi. Adon da aka saba zubawa a kan yadi sai ya koma kan allon kai, allon kuwa ya yi ta tsawo.

Salon da ya fi nuna haka shi ne wanda ya ari siffar gine-ginen Turai na zamanin Renesans, wanda ya yi tashe a Amurka daga wajen 1860 zuwa 1880. Allon kansa yakan kai ƙafa bakwai ko takwas, kamar ƙofar fada, da baka a sama da tambari a tsakiya, wani lokaci har da sassaƙen fuskar mace. Da baƙin itacen walnat ake yin sa, sannan a manna siraran yanka na kullutun bishiyar, mai zane kamar hayaƙi, a kan allunan. Garin Grand Rapids na jihar Mishigan ne cibiyar wannan sana'a. Kamfanoni irin su Berkey & Gay da Nelson, Matter & Co. sun kai kayan ɗakinsu baje kolin Filadelfiya na 1876, daga nan sunan garin ya bazu. Ba a cika sayen gadon shi kaɗai ba, tare yake zuwa da durowa mai madubi da teburin wanke fuska, galibi masu saman marmara. A gaskiya da yawansu sun fi kyan kallo daga nesa, domin adon inji ne ya yanka, aka liƙa shi da gam.

Wannan cunkoson ado ne Charles Eastlake, wani masanin zanen gini ɗan Ingila, ya soka a littafinsa Hints on Household Taste na 1868, wanda aka buga a Amurka a 1872. Ya nemi a koma ga miƙaƙƙun layuka da haɗin katako na gaskiya. Masu masana'antu suka ɗauki sunansa suka laƙaba wa gadaje masu kusurwa, masu zanen ganye da layuka da aka tsaga cikin katakon ba mai zurfi ba, wani lokaci a shafa ruwan zinariya a tsagar. Irin wannan zane ya yi wa inji sauƙi ƙwarai, shi ya sa ya cika kasuwa da araha. Shi kansa Eastlake ya nesanta kansa daga kayan da ake sayarwa da sunansa.

Attajiran New York kuwa wajen kamfanin kayan ɗaki na Herter Brothers suke zuwa, a yi musu gadon itacen ceri da aka rina baƙi ƙirin, aka dasa masa furanni na katako mai haske irin na zanen Japan. Talaka yana da nasa: gado mai sanduna da aka murza a inji suka fito kamar jerin ƙwaryar zare, ko na katako mai araha da aka yi wa fenti da furanni.

Wajen 1890 walnat ya yi ƙaranci, sai aka koma ga itacen ok mai ruwan zuma. Maimakon sassaƙa, sau da yawa ƙarfe mai zane ake dannawa a kan katakon ya bar hoto. Kundin tallan kamfanin Montgomery Ward da na Sears ya kai irin waɗannan gadaje har ƙauyuka ta jirgin ƙasa.

Cikin gadon ma ya canja. Igiyar da ake saƙawa a ɗora katifa, wadda kullum sai an ƙara ɗaure ta, ta ba da wuri ga faifan katako da ragar waya. Ƙugiyoyin ƙarfe a bakin sandunan gefe suka sa ana iya kwance gado cikin 'yan mintoci. A birane masu matsatsin ɗaki an yi gadon da ake naɗewa ya koma kabad ko tebur, kuma Sarah Goode ta Chicago ta sami rajistar ƙirƙirar irinsa a 1885.

Babban abokin gasar gadon katako shi ne na ƙarfe da tagulla, wanda ake ƙerawa da yawa a birnin Barmingham na Ingila, don kuɗin cizo ba ya samun maɓuya a jikinsa kamar yadda yake samu a haɗin katako. A Ingila ya kusa kore na katako daga ɗakunan kwana, har sai da shagon Heal na Landan ya fito da gadajen ok marasa ado a ƙarshen shekarun 1890.